Yadda Za Ka Shayar da Motarka Man Jirgi, Duk Zariya Ta San da Kai

Ɗan'uwa mai mota, matso kusa. Ka gaji da taka totur har ƙasa, mai Keke Napep ya zo ya gifta ka yana amsa waya? To kakarka ta yanke saƙa. Matakai tara ne kacal, kuma na ba ka tabbaci: in ka bi su ɗaya bayan ɗaya, cikin mako guda babu wanda zai rage a Tudun Wada bai san motarka ba, kuma sai an raɗa maka sabon suna ba tare da an yanka rago ba. Ba shaci-faɗi nake maka ba. An gwada hanyar nan a kan mutum mai rai, Zulkiflu ɗan marigayi Malam Yusha'u, mai shagon gyaran waya a bakin titinmu, kuma har gobe ana ba da labarinsa. Sawunsa za mu bi.

Mataki na ɗaya: Samu motar da ba a so a taɓa

Kada ka gwada a motar da ka saya da guminka, tsoron asara zai hana ka ƙwazo. Nemi ta gado.

Ta Zulkiflu tsohuwar Marsandi ce fara, wadda mahaifinsa, malamin makaranta, ya tuƙa shekara ashirin da shida bai taɓa wuce gudun arba'in ba. 'Yan unguwa suna kiranta Sannu, wai don sannu ba ta hana zuwa. Masu keke kan cim masa, su gaishe shi ta taga, su tambayi iyali, su wuce. A kujerar bayan motar nan Zulkiflu ya girma yana sunkuyar da kai don kunya, yana rantsuwa a ransa cewa ranar da sitiyarin ya shigo hannunsa sai ya wanke sunan gidansu.

Malam yana da 'ya mace ɗaya, Rauda, autarsa. Tun tana ƙarama yake ce mata, "Ranar aurenki ni da kaina zan kai ki, a motar nan, da hasken rana, ba gayya." Bara, kafin ruwa ya sauka, Allah ya karɓi abinsa. Da aka sa ranar bikinta, wata Asabar, Rauda ba ta ce uffan kan gado ko kujeru ba. Abu ɗaya ta roƙa: a kai ta gidan mijinta a Gyallesu cikin motar Baba.

Ranar Litinin mahaifiyarsu, Inna Ishatu, ta ciro makullin daga ƙasan adaka ta miƙa wa Zulkiflu.

"Ka wanke ta, ka duba iskar tayu," in ji ta. "Abin da na ce ke nan. Kar ka ƙara, kar ka rage."

Lura da kyau: duk umarnin da aka ce kar a ƙara masa komai, wuri aka bar wa mai basira.

Mataki na biyu: Samu wanda zai ɓata maka rai

Ba a shiga babban aiki da sanyin zuciya. Kana bukatar mutum irin Junaidu na Kwangila, babban abokin ango, mai baƙar mota mai salansa biyu, wanda ba a yin biki a Zariya bai zo ya juya ta a tsakiyar titi har taya ta yi ƙauri ba.

Ranar Talata da la'asar ya tsaya a majalisar su Zulkiflu, bai ma kashe mota ba.

"Wai da gaske a Sannu za a kai amarya?" in ji shi. "To wallahi ku taso tun Juma'a. Mu za mu yi gaba, in kun iso an yi suna, ba laifi."

Majalisa ta kwashe da dariya. Wani ya tambaye shi sirrin gudun tasa motar. Junaidu ya duba hagu, ya duba dama, ya rage murya.

"Wannan ba ta shan fetur ɗin talakawa. Man jirgi take sha."

Ba wanda ya taɓa ganin ya zuba, ba kuma wanda ya tambaya. Zulkiflu ya koma gida rai a ɓace, ko tuwo bai taɓa ba. Yadda ake so ke nan.

Mataki na uku: Yi bincike mai zurfi

Minti huɗu sun isa. Ɗauko waya, nemo bidiyon wani Bature yana zuba shuɗin mai a motar tsere. In Turancinsa ya yi maka sauri, kashe sautin, ai ido ma yana karatu. Zulkiflu ya kalla sau biyu, ya ga mota ta fita kamar an harba kibiya, ya rufe wayar kafin Baturen ya kai inda ya fara ɗaga yatsa yana gargaɗi.

In kana son ƙarin hujja, ɗaga kai. Kowace safiya ƙananan jiragen nan na masu koyon tuƙi suna shawagi a saman Zariya. Ka taɓa ganin mai Keke Napep ya wuce ɗayansu? Shi ke nan, an rufe bincike.

Mataki na huɗu: Je wurin makanike, ka ƙi jin maganarsa

Wannan yana da muhimmanci, don wata rana a samu mai cewa "ai na gaya masa".

Nagoda shi ne makaniken motar tun tana sabuwa a hannun Malam. Zulkiflu ya same shi kwance a ƙarƙashin wata bas, ƙafafunsa kaɗai ake gani, ya zayyana masa shirinsa. Sai da Nagoda ya fito gaba ɗaya, ya goge hannu, ya zauna a kan taya.

"Zulki, zauna. Man jirgin nan iri biyu ne. Manyan jirage, irin na alhazai, abin da suke sha ɗan'uwan kananzir ne. Ƙananan da kake gani a sama kuwa fetur suke sha mai launin shuɗi, da dalma a ciki. Injinsu don shi aka ƙera shi. Motocin tseren Turawa ma an sake musu ciki ne kafin su sha. Ka zuba wa wannan, ko gudun taku ɗaya ba za ta ƙara ba, sai dai fulogi ya yi ta datti. In ka ba jaki abincin doki, ba sukuwa zai yi maka ba."

"Oga Nagoda, ai Junaidu yana sawa."

"Junaidu ya ce yana sawa. Ka bar motar Malam yadda Malam ya bar ta. Asabar fa saura kwana uku."

Idan an zo nan, yi abin da Zulkiflu ya yi: gyaɗa kai, ka ce "haka ne", ka yi godiya, ka tashi kana tausayin tsoho wanda zamani ya bari a baya.

Mataki na biyar: Kada ka taɓa faɗin cikakken sunan abin

Nan ne zuciyar darasin, buɗe kunne. Masana suna cewa matambayi ba ya ɓata. Ƙarya ne, matambayi raina shi ake yi. Ƙwararru rabin magana suke yi. Ka taɓa jin ɗan kasuwar gaske ya faɗi sunan kaya duka a bainar jama'a? Ka ce "man jirgi" kawai, cikin raɗa, ka kanne ido ɗaya. Kada ka ƙara "na sama". Mai hankali ai ya gane.

Haka Zulkiflu ya bi shagunan Tudun Wada yana raɗa. 'Yan bumburutu suka ce ba su da shi. Mai shayi ya ce bai taɓa ji ba. Daga ƙarshe wani dattijo mai facin taya ya ce masa, "In dai harkar jirgi ce, nemi Baba Salmanu Na-Jirgi a Sabon Gari. Shekara kusan talatin yana tuƙa shi kafin ya yi ritaya. Yanzu mai yake sayarwa."

Tsohon direban jirgi, kuma mai sayar da mai! Zulkiflu ya ji kamar an yi masa bushara da kujerar Makka. Bai tambayi wane jirgi ba. Kai ma kada ka tambaya.

Mataki na shida: Yi ciniki kamar ɗan gari

In ka isa ka ga rumfar a gefen layin dogo take, kada ka kawo komai a ranka. In ka ga masu injin niƙa da masu janareto a layi da jarkokinsu, ka ɗauka basaja ce.

Baba Salmanu dogon tsoho ne mai farin gemu, yana zaune kan benci da carbi. Zulkiflu ya durƙusa ya gaishe shi, ya matsa kusa da kunnensa.

"Baba, an ce kai ka tuƙa jirgi."

"Shekara ashirin da takwas, yaro. Ban taɓa sauka daga layi ba."

"Allahu akbar! To man da jirgin yake sha nake so. Ainihin irinsa."

"Shi ne wannan a duro. Ko jiya na ɗauko daga gidan mai."

"Yana da ƙarfi kuwa?"

Tsoho ya yi dariya. "Ƙarfi? Man da ke jan mutum dubu da kayansu, har da awakinsu, daga nan har Legas?"

Zulkiflu bai taɓa jin an sa akuya a jirgi ba, amma ya ce a ransa da can kafin a tsaurara doka ne.

"Awa nawa kuke yi zuwa Legas ɗin, Baba?"

"In Allah ya kiyaye hanya, kwana biyu."

Zulkiflu ya tuntsire da dariya, ya ce lallai Baba akwai barkwanci. Tsoho ya dube shi da ɗan mamaki, sannan ya tambaya, "Wai motar taka me take sha ne, ɗan nan? Don kar a..."

"Baba, bar zancen abin da take sha. Abin da za ta sha daga yau muke magana."

Baba Salmanu ya ɗaga kafaɗa, ya cika masa jarka mai lita ashirin. Ka ga amfanin katse babba: da an bar shi ya ƙarasa, da darasinmu ya ƙare a nan.

Mataki na bakwai: Zuba, kada ka saurari hancinka

Sirri shi ne rabin nasara. Kada ka gwada motar kafin ranar, kar labari ya kai Kwangila. Zulkiflu ya wanke ta ranar Juma'a har tana ɗaukar ido, ya duba iskar tayu kamar yadda Inna ta ce, ya bar tankin saura ɗan kaɗan. Da safiyar Asabar, ana can masallaci ana shirin ɗaurin aure, ya rufe ƙofar gareji, ya kafa mazurari.

Man ya fito da kauri, da santsi a yatsa, ba shuɗi kamar na bidiyo ba. Wani wari ya bugi hancinsa, warin da ya sani sarai, irin na injin niƙan bayan gidansu. Zuciyarsa ta ce, "Zulkiflu, anya?" Kada ka kula ta. Kai ka taɓa hawa sama ne da za ka san yadda warin can yake? Ya juye jarkar duka, ya lulluɓe ta da tsohuwar tabarma, ya je ya sa babbar riga.

Mataki na takwas: Taka totur a gaban jama'a

Bayan la'asar aka fito da amarya. Rauda tana lulluɓe, tana kuka, ta riƙe zanen Inna sai da aka ɓanɓare ta. Gwaggo Atika, ƙanwar Malam, ta shigar da ita kujerar baya ta zauna kusa da ita. Da Rauda ta ji ƙanshin kujerun, wanda har yanzu turaren Malam bai gama fita daga cikinsu ba, sai kukan ya ƙaru. Motoci goma sha ɗaya suka jeru a baya, Junaidu na farko, yana ta wasa da totur.

Zulkiflu ya murɗa makulli. Mota ta tashi lafiya lau, da ɗan ragowar fetur ɗin da ke cikin bututunta. Ya dubi Junaidu ta madubi, ya yi murmushi. Suka fita daga lungu suka hau babban titi, ya ce bismillah, ya taka.

Ta zabura, gaskiya ta zabura, ka ba ta haƙƙinta. Ta wuce shago huɗu a guje, allurar gudu ta taɓa hamsin a karon farko a tarihinta. Sai ta yi tari. Ta sake tari. Ta fara jijjiga kamar mai masassara, ta saki wani farin hayaƙi da ya haɗiye motar Junaidu ɗungurungum. Gwaggo Atika ta kama salati. Daidai gaban mai tsire Sannu ta yi ajiyar zuciya ta tsaya.

Nagoda yana cikin 'yan rakiya. Ya fito daga mota ta shida ba gaggawa, ya buɗe murfin tanki, ya sunsuna, ya rufe.

"Gas ne," in ji shi. "Dizal."

"Man jirgi ne, Oga! Wallahi a hannun direban jirgi na saya!"

"Wane direba?"

"Baba Salmanu Na-Jirgi."

Nagoda ya dube shi, ya dubi sama, sannan ya zauna daɓas a bakin kwalbati da sabuwar shaddarsa, yana dariya har da hawaye.

"Zulki! Jirgin ƙasa! Mutumin nan jirgin ƙasa ya tuƙa! Ko filin jirgin sama bai taɓa shiga ba. Ka ce masa na sama?"

Zulkiflu ya buɗe baki, ya tuna awaki, ya tuna kwana biyu zuwa Legas, ya rufe bakinsa. Mai tsire ya ji, masu sayen tsire suka ji, kafin hayaƙin ya washe labari ya kai mota ta goma sha ɗaya. Na yi maka alkawarin suna, ko ban yi ba? A nan aka raɗa shi: Zulkiflu Tarago.

Mataki na tara: Tura

Nagoda ya ce sai an sauke tanki an wanke, aikin gobe ne. Junaidu ya zo yana tari, ya buɗe ƙofar baya da ladabin da ba a san shi da shi ba.

"Gwaggo, ku dawo tawa. Minti biyu mun isa."

Gwaggo Atika ta yunƙura. Amarya ba ta motsa ba. Ka san ba a jin muryar amarya a ranar nan, amma daga ƙarƙashin mayafin aka ji ta, a sanyaye.

"Gwaggo, ni ba zan fita ba. A nan Baba ya ce."

"Ke 'yar nan, motar ta mutu."

"To a bar ni a ciki."

Zulkiflu ya tsaya a tsakiyar titi, babbar riga tana masa nauyi. Duk makon nan yana lissafin fuskar Junaidu, bai taɓa lissafin wannan ba. Abu ɗaya tak yarinyar nan ta roƙa a duniya, shi aka damƙa wa, shi ya ɓata. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba ko a kujerar baya yana yaro.

Ya tuɓe babbar rigar ya jefa a kujerar gaba. Ya saki birkin hannu, ya kafa kafaɗarsa a jikin ƙofar direba, hannu ɗaya a sitiyari, ya fara turawa. Marsandi ba kwali ba ce, ko gezau ba ta yi ba. Nagoda ya tashi ya dafa baya. Abokan ango suka dubi juna suka cire huluna. Junaidu ya miƙa wa wani makullin tasa, ya nannaɗe hannun riga, ya shigo kusa da Zulkiflu. Taya ta juya.

Haka aka kama hanyar Gyallesu: farar mota a gaba tana ɗan fitar da sauran hayaƙi, majiya ƙarfi takwas a jikinta, motoci goma sha ɗaya a jere a baya suna rarrafe. Wanda duk ya gani ya ce lallai man ya yi aikinsa, ga kan jirgi ga taragai.

A wajen hawa Junaidu, yana haki, ya ce masa ƙasa-ƙasa, "Kai kuma ka cika ɗaukar zance. Ni fa a wurin 'yan bumburutu nake shan mai."

Zulkiflu bai da numfashin da zai zage shi. Ya ce wa na baya su ƙara ƙarfi a yi sauri, a fita daga idon mutane. Sai ya ji murya daga tagar baya, dab da kunnensa.

"Yaya."

"Na'am, Rauda. Ki yafe ni, don Allah."

"Kar ka sa su yi sauri. Haka Baba yake tuƙa ta."

Ya sassauta turin. Can sai ga wani tsoho a kan keke ya cim musu daga baya. Ya ga farar motar da ya saba gani shekara da shekaru tana tafiyarta ta kullum, ya rage gudu daidai taga, ya ɗaga hannu.

"Malam, barka da yamma, ya iya..."

Sai ya tuna. Ya sauke hannun a hankali, ya sauka daga keken, ya ce, "Allah ya jiƙan Malam." Ya kama keken da hannu ya bi su a ƙasa har ƙofar gidan ango.

Ana kiran magariba aka shiga da amarya da ƙafar dama, a motar da aka ce, da sauran hasken rana. Zulkiflu ya tsaya a waje yana share ido da bakin singileti. Nagoda ya tambaye shi lafiya, ya ce hayaƙi ne.

Sanarwa

Mai wannan darasi ba makanike ba ne, ba direban jirgi ba ne, na sama ko na ƙasa ko na ruwa, kuma ko keke ba shi da shi. Duk wanda ya bi matakan nan da ƙafarsa ya bi. Ba ruwana da tankinka, ba ruwana da fuloginka, ba ruwana da abin da mahaifiyarka za ta ce in ka dawo gida ba mota. Kada a je wa Baba Salmanu da rigima, abin da aka tambaya ya bayar. Na yi alkawarin suna, na cika. Ban taɓa cewa za ka so shi ba. In kuma bayan an wanke tanki ka tsinci kanka kana tafiya a arba'in, masu keke suna gaishe ka ta taga, kamar yadda Tarago yake yi yanzu, ka kasa ƙara totur kuma ka rasa dalili, kada ka zo wurina. Ni gudu na koya maka.